Sparky, Chippy da Garbo: Asalin laƙabin masu sana'a a Birtaniya da Ostireliya

A wurin gini a Landan ko Sydney ba kasafai ake kiran mai sana'a da sunan sana'arsa na takarda ba. Mai haɗa wayoyin lantarki "sparky" ne, kafinta "chippy", birkila kuma "brickie". A Ostireliya an tattara su gaba ɗaya ƙarƙashin suna guda, wato "tradie", wanda aka gutsuro daga kalmar Turanci mai nufin mai sana'ar hannu. Waɗannan sunaye ba sa shiga takardar kwangila, amma su ne a bakin jama'a, a tallan rediyo, a kanun jaridu, har ma a bakin 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Akasarinsu masu aikin ne suka raɗa wa junansu, a wuraren da sana'o'i da yawa ke haɗuwa a kan aiki ɗaya, kamar jirgin ruwa, da ma'aikatar ƙera jirage, da filin gini. Inda mutum talatin ko arba'in ke aiki, wannan ya zo yau ya tafi gobe, ba wanda ke da lokacin riƙe sunan yanka. Abin da ake so kawai a ƙwala kira mai aikin ya waiwayo.

Kiran mutum da sana'arsa tsohuwar al'ada ce a can. Sunan dangi da ya fi yawa a Ingila da Ostireliya shi ne Smith, ma'anarsa maƙeri. Taylor tela ne, Baker mai gasa burodi, Mason mai ginin dutse, Cooper mai haɗa gangar katako, Thatcher kuma mai baibayar ɗaki, ko da yake yau idan an ambaci sunan tsohuwar firaministar Birtaniya ake tunawa. A ƙauyukan Wales, inda sunayen dangi ba su da yawa kuma rabin gari na iya zama Jones ko Evans, sai a liƙa wa kowa aikinsa don a bambanta shi: wannan Jones na madara, wancan Jones na gidan waya, kamar dai yadda ake cewa Audu Kafinta da Audu Tela a unguwa ɗaya. Laƙabin da ake magana a kansu a nan ƙanne ne ga waɗancan sunaye. Sun fito ne daga ƙarni na 18 zuwa na 20, kuma da yawansu daga teku suka taso.

Sunayen da jirgin ruwa ya haifa

A zamanin jiragen katako kowane babban jirgi yana da kafintansa, kuma ko wane ne shi, ma'aikatan jirgi "Chips" suke kiransa. Kalmar na nufin sassaƙen itace, 'yan gutsattsarin da ke tashi idan gizago ko gatari ya ci katako, waɗanda kullum ake ganinsu a ƙafar kafinta da jikin rigarsa. Daga nan "chippy" ta samo asali.

Sassaƙen nan ba shara ba ne a wancan lokaci, dukiya ce da aka sha rigima a kanta. A ma'aikatun ƙera jiragen yaƙi na gwamnatin Ingila, irin su Deptford da Chatham da Portsmouth, kafintoci na da haƙƙin fita da guntayen katako zuwa gida a matsayin ƙarin lada, domin albashinsu yakan yi watanni bai fito ba. Ƙa'idar ita ce kada guntun ya kai tsawon ƙafa 3. Kafinta kuwa shi ke riƙe da zarto. Sai ya zama lafiyayyen katakon gwamnati ne ake yankawa ƙasa da ƙafa 3 kaɗan don ya zama "guntu". Samuel Bentham, wanda aka ɗora wa gyara harkar ma'aikatun a ƙarshen ƙarni na 18, ya lura cewa a unguwannin ma'aikata na Portsmouth matakalan bene da ƙyauren taga da kabad duk da katakon da bai kai ƙafa 3 ba aka yi su. A 1801 aka soke wannan haƙƙi, aka mayar da shi 'yan kuɗin da ake biya kullum. Haƙƙin ya tafi, sunan ya zauna.

Kafintan jirgi mafi shahara da ya amsa wannan laƙabi shi ne Harry McNish, ɗan Scotland, wanda ya bi Ernest Shackleton a jirgin Endurance zuwa yankin ƙanƙara na Antaktika a 1914. Kowa "Chippy" yake ce masa. Yana da kyanwa mai binsa duk inda ya sa ƙafa, har ma'aikatan jirgin suka sa mata "Mrs Chippy", wato matar kafinta, kuma ba su canza sunan ba ko bayan da suka gano muzuru ne. Ƙanƙara ta matse jirgin har ya nutse a Nuwamba 1915, kuma tun kafin ya nutse Shackleton ya ba da umarni aka harbe muzurun saboda ba zai iya tafiyar da ke gabansu ba, McNish kuwa bai taɓa yafe masa ba. Duk da haka shi ne ya ɗaga gefen wani ƙaramin kwalekwale, ya rufa masa sama da katakon akwatuna da tamfol, har mutum 6 suka ratsa teku mai tsawon kusan kilomita 1,300 a cikinsa a 1916 suka nemo agaji. Ya mutu a Wellington ta ƙasar New Zealand a 1930 cikin talauci. A 2004 aka ɗora mutum-mutumin muzurun na tagulla a kan kabarinsa.

Akwai ɗan rikici a kan wannan kalma a Birtaniya, domin "chippy" kuma sunan shagon da ake sayar da soyayyen kifi da dankali ne. Bature zai ce zai je chippy, ko ya ce zai kira chippy, kuma ba wanda ke ruɗewa: na farko yunwa yake ji, na biyu ƙofarsa ce ta lalace.

"Sparky" ma a teku ta yi suna. Na'urorin aika saƙo ba tare da waya ba na farko, irin waɗanda kamfanin Marconi ya kafa a jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, da tartsatsin wuta suke aiki. Mai aikawa ya danna maɓalli, wuta ta yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu da ƙara mai kashe kunne da haske shuɗi. Tartsatsi a Turanci "spark" ne, don haka duk mai aikin na'urar a jirgi ya zama "Sparks". Jack Phillips da Harold Bride, samarin da suka yi ta aika saƙon neman ɗauki daga jirgin Titanic a daren da ya nutse a Afrilu 1912, irin wannan aiki suke yi, kuma da irin wannan na'ura. Daga shekarun 1920 sababbin na'urori marasa tartsatsi suka fara maye gurbin tsofaffin, amma sunan ya riga ya bazu zuwa kan duk wanda ke taɓa waya mai wuta. A gidajen wasan kwaikwayo da wurin ɗaukar fim na Birtaniya har yau masu kula da fitilu "sparks" ne. Akwai ɗan shaguɓe a cikin laƙabin, tunda ƙwararren mai gyaran wuta shi ne wanda ba a ganin tartsatsi a aikinsa. Sojojin ruwan Birtaniya suna da nasu sunan daban, "greenie", saboda koren ƙyallen da jami'an sashen lantarki ke sawa tsakanin igiyoyin hannun rigarsu a da.

Diga, cebur da toka

A tudu, sunan da ya fi kowanne nauyin tarihi shi ne "navvy". A ƙarni na 18 Ingila ta shiga haƙa hanyoyin ruwa don dakon kwal da kaya, ɗaya daga cikin na farko ita ce ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchester. Waɗannan hanyoyi "navigations" ake kiransu, masu haƙarsu kuma "navigators", kalmar da asalinta ke nufin mai jagorar jirgi a teku. Suna ne babba a kan mutumin da ba shi da komai sai diga da cebur da baro, sai baki ya taƙaita shi zuwa "navvy". Da zamanin jirgin ƙasa ya zo bayan 1830, su ne suka fasa duwatsu, suka cike kwaruruka, suka shimfiɗa layin dogo. Suna zaune a bukkoki gefen aiki, suna bin kwangila daga gari zuwa gari, mutanen ƙauye na tsoronsu saboda shaye-shaye da faɗa, kuma da yawansu sun mutu a ramuka. Akwai 'yan Ireland da yawa a cikinsu. Ɗan kwangila Thomas Brassey ya kwashi dubbansu zuwa Faransa a farkon shekarun 1840 don gina layin Paris zuwa Rouen. Da aka ƙera injin haƙa mai aiki da tururi, sai Turawan Ingila suka sa masa sunan mutumin da ya zo ya karɓe wa aiki, suka kira shi navvy mai tururi.

Shugaban irin waɗannan leburori "ganger" ne, mai riƙe da gungu. Wanda ke sama da shi kuma "gaffer", kalmar da tun ƙarni na 16 mutanen karkara ke kiran dattijo da ita don girmamawa, kafin ta koma kan mai kula da ma'aikata. Masu kallon ƙwallon Firimiya sun saba jin 'yan wasa na kiran kocinsu gaffer a hira bayan wasa. Kalmar ɗaya ce da ta wurin gini, domin ƙwallon Ingila a unguwannin masu aikin masana'anta ta girma. A harkar fim kuma gaffer shi ne shugaban masu fitila.

Sauran sunayen wurin gini ba su da dogon labari. Mai filasta a Ingila "spread" ne, wato shafawa, don abin da hannunsa ke yi ke nan daga safe har yamma. Mai yi wa birkila dakon jan bulo "hoddie" ne, daga sunan wani akwati mai gefe uku da doguwar sanda da ake saɓawa a kafaɗa a hau tsani da shi. Ƙaramin ɗan kwangilar da babba ya yanka wa aiki "subbie" ne a ƙasashen biyu.

Mai kwasar shara a Ingila an daɗe ana kiransa "dustman", mai ƙura, kuma dalilin yana cikin murhu. A Landan ta ƙarni na 19 kowane gida kwal yake ƙonawa, abin da ya fi yawa a kwandon shara toka ce. Tokar tana da kasuwa, masu yin jan bulo ke saye, har 'yan kwangilar shara suka tara tsibi-tsibi a bayan gari suka yi arziki da ita. Charles Dickens ya gina littafinsa Our Mutual Friend, wanda ya fito a 1864 zuwa 1865, a kan gadon irin wannan dukiya ta toka. Yanzu ba a ƙona kwal a gidajen Landan, matasa sun fi cewa "binman", mai kwandon shara. A Scotland kuma ana jin "scaffie".

Ostireliya, inda ake gutsure kalma

Turanci ya isa Ostireliya ne a 1788 tare da jiragen farko na fursunoni, kuma daga nan zuwa 1868 Birtaniya ta tura fursunoni sama da 160,000. Yawancinsu talakawan birane ne da 'yan Ireland, bakinsu cike da zaurancen titi. Ƙamus na farko da aka tsara a ƙasar ma na zaurancen ɓarayi ne, wanda wani fursuna mai suna James Hardy Vaux ya haɗa a 1812. Harshen da ya girma daga wannan tushe ba ya son doguwar kalma, ba ya kuma son mai ɗaga kai.

Dabarar ɗaya ce: a yanke kalma a tsakiya, a liƙa mata "ie" ko "o" a wutsiya. Mai raba wasiƙu "postie", direban babbar mota "truckie", ɗan kwana-kwana "firie", mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki "fridgie", ɗan dakon tashar jiragen ruwa "wharfie". Malamin makaranta ma bai tsira ba, "chalkie" ne saboda alli. A ɗaya ɓangaren, mai kwasar shara "garbo", ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya "ambo", ɗan jarida "journo". Masu nazarin harshe sun tattara dubban irin waɗannan kalmomi, kuma ɗaya daga cikinsu ta zagaye duniya: "selfie", wadda aka fara ganinta a rubuce a wani shafin intanet na Ostireliya a 2002.

A Ingila, in ban da laƙabin wurin aiki, wutsiyar "ie" ta fi zama a bakin yara da masu lallashinsu. A Ostireliya ƙaton namiji mai gemu ne ke faɗinta, kuma ba wanda ke jin an raina shi. Anna Wierzbicka, masaniyar harshe a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Canberra, ta yi bayanin cewa wannan gutsurewa alama ce ta zumunci da daidaito: mai magana yana nuna cewa shi da wanda yake kira duk ɗaya ne, kuma babu abin da ya kai a yi masa dogon suna. Hujjar da ke goyon bayanta ita ce ba ƙananan ma'aikata kaɗai ake yi wa haka ba. Ɗan majalisa ma "pollie" ne.

Wutsiyar "o" kuwa tana da alaƙa da talla. Masu yawon talla a titunan Sydney da Melbourne sukan ja muryar kiran hajarsu su ƙare da "o" don ta yi nisa. Mai madara yana kiran "milk-o", sai ya zama "milko". Mai sayen tsofaffin kwalabe ya zama "bottle-o", sunan da yau ya koma kan shagon sayar da giya. Wanda ya fi su labari shi ne mai tallan zomo. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki 'yan zomaye a gonarsa a jihar Victoria don ya riƙa farauta, suka yi ta hayayyafa har suka zama annoba a faɗin ƙasar. Naman zomo ya zama abincin talaka, masu tallansa na ratsa unguwannin kudancin Sydney suna kiran "rabbit-o", suna feɗe shi nan take a ƙofar mai saye. Sana'ar ta mutu tuntuni, amma ƙungiyar wasan rugby ta South Sydney, wadda aka kafa a 1908, har yau Rabbitohs ake kiranta, kuma hoton zomo ne a ƙirjin rigarta.

Mai gyaran famfo ya fi kowa rashin sa'ar laƙabi. Sunansa na asali, "plumber", daga kalmar Latin mai nufin dalma ya fito, domin da dalma ake yin bututun ruwa a da. 'Yan Ostireliya kuwa "dunny diver" suke ce masa cikin wasa, wato mai nutso a masai. "Dunny" sunan masai ne na bayan gida, daga wata tsohuwar kalmar karkarar Ingila. Kafin a shimfiɗa bututun ƙazanta, kowane gida yana da ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida da bokiti a ƙarƙashin mazauni, akwai kuma ma'aikacin da ke bi ta lungun baya da keken doki, yawanci da dare, ya ɗauke cikakken bokiti ya ajiye wankakke. Lungunan nan na nan har yanzu a tsofaffin unguwannin Sydney. Melbourne, wadda wari ya sa aka yi mata ba'a da suna a shekarun 1880, ta fara haɗa gidaje da bututu a 1897, amma wasu unguwannin bayan gari sun ci gaba da bokiti har zuwa shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Gough Whitlam ta zuba kuɗin tarayya a aikin.

Karkara ma tana da nata. A rumfunan askin tumaki, wanda ya fi kowa sauri "ringer" ne, yaron da ke kwashe ulu yana share ƙasa kuma "rousie". A 1892 wani mai aski, Jackie Howe, ya aske tumaki 321 cikin awa 7 da minti 40 da almakashin hannu a wata gona a jihar Queensland. Saboda shi ake kiran shuɗiyar singiletin da ma'aikata ke sawa Jackie Howe. Aiki mai wuya kuwa "hard yakka" ne, kuma "yakka" ba Turanci ba ce, an aro ta ne daga harshen Yagara na 'yan asalin yankin Brisbane.

Laƙabi da matsayi

Duk da cewa ƙasashen biyu na tarayya a sunaye da yawa, nauyinsu ba ɗaya ba ne. A Ostireliya "tradie" suna ne na tinƙaho. Mai sana'a yakan yi kimanin shekara 4 yana koyo a ƙarƙashin maigida tare da zuwa kwalejin koyon sana'a, kuma doka ta hana wanda ba shi da lasisi haɗa wayar wuta ko da a gidansa ne, don haka aikin yana da tsada kuma mai shi yana da daraja. Yana da kamanninsa da kowa ya sani: riga mai ƙyalli ruwan lemo ko ɗorawa, gajeren wando, takalmi mai ƙarfe a baki, da hutun shan shayi da ake kira "smoko" ko da ba ya shan taba. Yana da motarsa, "ute", a-kori-kura mai gaban ƙaramar mota, wadda kamfanin Ford ya fitar a Geelong a 1934 bayan matar wani manomi ta rubuto tana neman motar da za ta kai su coci ran Lahadi ta kuma kai aladu kasuwa ran Litinin. A 'yan shekarun nan Toyota Hilux da Ford Ranger ne ke karɓa-karɓar zama motar da aka fi saye a ƙasar baki ɗaya. 'Yan siyasa sun san yawan ƙuri'un da ke cikin rigar mai ƙyalli. A zaɓen 2016 jam'iyyar Liberal ta fitar da talla da wani mutum a wurin gini, jama'a suka yi ta yi masa dariya cewa agogonsa da kofin shayinsa sun yi tsaf da yawa, suka sa masa tradie na bogi, jam'iyyar kuma ta dage cewa mai sana'a ne na gaske.

A Birtaniya, inda bambancin aji ya fi zurfi, wasu laƙabin daga sama suke saukowa. "White van man", mai farar mota, ya yaɗu a jaridu a ƙarshen shekarun 1990, yana nufin mai sana'ar da ke yawo da kayan aikinsa a farar motar kaya, amma a ƙarƙashinsa akwai zargin tuƙin ganganci da rashin wayewa. Kalmar tana da kaifi ta kowane gefe. A Nuwamba 2014 'yar majalisa Emily Thornberry ta jam'iyyar Labour ta wallafa hoton wani gida a Rochester mai tutocin Ingila da farar mota a ƙofa. Aka fassara hoton da raina talaka, kuma a ranar ta ajiye muƙaminta a majalisar jagororin adawa.

Mafi muni shi ne "cowboy", kaboyi, wanda a bakin Turawan Birtaniya ke nufin mai aikin algus, wanda zai karɓi kuɗin kafin alƙalami ya buɗe rufin gida ya ɓace. Sunan ya samu wurin zama ne saboda a can kowa na iya kiran kansa magini ba tare da lasisi ba, in ban da ayyuka irin na gas, waɗanda dole sai mai rajista. Aikin da aka yi a gurguje kuma "bodge" ne, kuma wannan kalma ta ɓata sunan bayin Allah. "Bodgers" na asali ƙwararru ne da ke zaune a dazuzzukan Chiltern kusa da High Wycombe, suna sare ɗanyen itace suna murza ƙafafun kujeru a kan injin da ake takawa da ƙafa. Aikinsu mai kyau ne, sunansu ne kawai ya yi kama da wata tsohuwar kalma mai nufin faci da kwaskwarima.

Wata kalmar kuma tafiyar hawa ta yi. A ƙarshen ƙarni na 18 "snob" laƙabin mai gyaran takalma ne. Daga nan ta koma nufin talaka, sannan talakan da ke kwaikwayon manya, ma'anar da William Thackeray ya yaɗa da littafinsa The Book of Snobs a 1848. Yau snob shi ne mai hura hanci da ke ƙyamar masu aikin hannu, wato mutumin da ba zai zauna benci ɗaya da mai gyaran takalma ba.

Sabon yaro a wurin aiki yana shiga wannan duniya ta hanyar tsokana. A ƙasashen biyu akan aiki ɗan koyo ya karɓo sukuddireba ta bahago, ko fenti mai zane-zane, ko a tura shi wurin mai ajiyar kaya ya karɓo "long weight", wanda a kunne yake daidai da doguwar jira. Mai ajiyar ya ce masa ya tsaya nan, ya ci gaba da aikinsa, bayan rabin awa ya ce masa ya samu, ya koma. Tsakanin sana'o'in ma wasan ba ya ƙarewa. Kafintoci da birkiloli na zargin sparky da cewa bai taɓa riƙe tsintsiya ba, ya fasa bango ya bar guntayen waya ya tafi, shi kuma yana cewa aikinsu ƙarfi ne ba kai ba. Mata da ke shiga waɗannan sana'o'i har yanzu 'yan kaɗan ne, kuma a Ostireliya wasunsu sun ɗauki sunan "lady tradie" suna tallata aikinsu da shi, musamman ga matan da suka fi son mace ta shigo musu gida.

Hausa ta karɓi sunayen waɗannan sana'o'i daga Turancin Ingila a zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake gina bariki da ofisoshi da layin dogon da ya iso Kano a 1911. Kafinta, birkila, lebura, bakanike, fenta da direba duk daga nan suke. Abin lura shi ne sunayen takarda ne suka shigo, irin waɗanda akawu ke kira ranar biyan albashi. Chippy da brickie ba su tsallako ba, domin laƙabi sai tsakanin tsara, kuma Baturen da ke duba aiki ba tsaran leburan ba ne. Inda Hausawa suka buƙaci laƙabi sun ƙirƙiri nasu, kamar karen mota da ɗan kamasho.

Ga wanda zama ko aiki ya kai ɗaya daga cikin ƙasashen nan, sunayen ba matsayinsu ɗaya ba wajen faɗa. Sparky, chippy, brickie, postie da tradie ana faɗinsu a gaban mai su, shi ma haka yake kiran kansa, har yakan rubuta a jikin motarsa. Dunny diver, da "grease monkey" da ake ce wa bakanike saboda baƙin mai, sai wanda aka saba da shi. Navvy ta tsufa, kuma ɗan Ireland na iya jin ta da ɗaci. Cowboy kuwa zargi ne na ha'inci, wanda ya faɗe shi a kan wani magini a bainar jama'a sai ya tanadi hujja.